Soron da Aka Hana Mu Taɓawa

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu matsalar da biro da takarda ba za su warware ba, na yi wani karambani da har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni. Ɗazu wata ƙawata ta turo mani hoton wani tsohon gini da aka shafe da fenti ana ta yabawa, shi ne abin ya dawo mani sabo fil. Na ce bari dai yau in amayar da shi ko na samu sauƙi.

Unguwarmu a wajen ganuwa take, idan ka fito ta Ƙofar Marusa ka ɗan taɓa tafiya. A bakin hanyarmu akwai wani tsohon soro na ƙasa, wanda a zamanin En'e ɗakin shan magani ne. Kakana yana cikin maginan da suka ɗora shi. Da hannu suka mulmula tubalinsa ɗaya bayan ɗaya, suka jera azara suka rufe. Da aka gina asibitin bulo sai aka bar wa unguwa soron. A cikinsa iyayenmu mata suka yi yaƙi da jahilci, a cikinsa ake sulhu idan maƙwabta sun saɓa, a inuwarsa maza ke zaman makoki. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji sanyi ya ratsa ka kamar ka leƙa cikin randa.

Mahaifina magini ne, gadon sana'ar ya yi, kuma tun rasuwar kakana kula da soron nan ya dawo wuyansa. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa. Duk shekara idan hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai ya sa a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa cin bango. Ranar gayya maza su fito a yaɓe bango, mata su kawo ruwa da kunu. Shi kuwa Baba rufi yake hawa. Ya cire ciyawar da ta tsiro, ya toshe tsaga, sannan ya bi indararo huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ya share su, don su ne ke tofar da ruwan sama can nesa da bango. Kafin azahar an gama, kowa ya tafi gida da taɓo har gwiwa yana dariya.

To ni a lokacin sabuwar malamar makaranta ce, ga tabarau, ga jaka, ga Turanci yana cina. Wannan yaɓen shekara-shekara ni a wurina wahala ce da rashin wayewa. Sai wata rana na ji a rediyo cewa ƙaramar hukuma ta kafa wani kwamiti da zai adana tsofaffin gine-gine, a gyara su a mayar da su wuraren amfanin jama'a. Jama'a, ko shawara ban yi da kowa ba. Na zauna na tsara takarda shafi uku, na yabi soron, na kawo tarihinsa, na roƙi a mayar da shi ɗakin karatu don 'yan matan unguwa. Har yau ina ganin niyyar mai kyau ce, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba.

Da na je ina ba Baba labari, bakina har kunne, sai ya hau murza gemu. Uwata yake ce mani, don sunan mahaifiyarsa aka sa mani.

"To madalla, Uwata. Amma in sun karɓa, wa zai riƙa hawa bisa?"

"Haba Baba, ai hutu ya zo maka. Injiniyoyi ne za su yi aikin."

"To," in ji shi.

Bayan wata biyu sai ga motoci uku a unguwarmu. Sakataren kwamitin ya fito cikin farar shadda tana ƙyalli, bayansa ga wani injiniya matashi da hular kwano ruwan ɗorawa a kai, alhali ko tsakuwa babu mai faɗowa. Suka yi ta ɗaukar hoto, suka auna nan suka auna can. Ni ce a gaba ina nuna masu, sai ka ce ni na gina. Ana cikin haka Baba ya iso daga wurin wani aiki, ƙafafunsa duk ƙasa. Ya gaishe su yadda ya kamata, ya hanya, ya aiki, ya iyali, ya muka ji da zafi. Injiniyan yana amsawa da "yauwa Baba, yauwa Baba" idonsa a kan waya.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "da mi za ku shafe shi?"

"Siminti mana, Baba. A yi sau ɗaya a huta."

"A'a, kada ku yi haka. Ginin ƙasa numfashi yake. In ya sha ruwa da damina, rana na fitowa sai ya fitar. In kunka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita, ciki zai zauna ya ci bangon."

Injiniyan ya ɗago kai ya dubi sakatare. "Yallaɓai ka ji, wai gini yana numfashi." Suka kwashe da dariya. Kuma ku ji abin kunyar, ni ma na yi ɗan murmushi. Na matsa kusa da mahaifina na rage murya na ce, "Baba don Allah ka bari, masu ilmin abin ne." Ya dube ni, ya dubi soron, ya ce, "To, Uwata," ya saɓa gatarinsa ya wuce gida.

Aiki kam an yi shi cikin sauri. Ɗan kwangila ya zo da leburorinsa daga wani wuri, ko mutum ɗaya na unguwa ba a ɗauka ba. Suka lafta wa soron siminti ciki da waje har rufi, suka bi shi da fenti ruwan ƙasa, wai don ya yi kama da ginin gargajiya. Ku ji fa! An rufe ƙasa ta gaske, an zana ta ƙarya a kai. Indararon nan huɗu kuwa suka cire su, wai sun yi zuru-zuru suna ɓata wa ginin fuska a hoto. A madadinsu suka sa wasu siraran bututun roba suka binne cikin simintin. Sannan aka kewaye wurin da waya, aka sa ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo.

Ranar buɗewa an kafa rumfa, an jera kujeru, an yanke ƙyalle. Na ci ado da sabon leshi na karanta jawabi, kalmar "tarihi" ta fito a bakina ya fi sau goma. Baba bai zo ba, ya ce yana da aiki a ƙauye. Da taro ya watse sai aka mayar da kwaɗo aka datse, aka ce sai littattafai da kantoci sun iso a kashi na biyu na aikin. Aka ajiye wani dattijo maigadi, mutumin kirki ne amma tsoron rasa aikinsa ya fi komai ƙarfi a zuciyarsa. Littattafan nan har yau da nake wannan rubutu suna hanya.

Da lokacin gayya ya zagayo, mutane suka fito kamar yadda aka saba, mata har sun dama kunu. Baba ya ɗauko tsani. Maigadi ya tare ƙofa yana ba da haƙuri.

"Malam, wallahi an ce kayan tarihi ne, ko ƙusa kada a buga."

"Ni ba yaɓe zan yi ba, ina zan yaɓa bisa siminti? Rufin kawai zan duba in sauko."

"Ka yi mani rai, Malam. In aka ji, ni za a kora."

Haka aka juyo. A ƙofar gidanmu aka zauna aka shanye kunun, kowa yana kallon ƙasa. Soron da rabin unguwar suka tashi suka tarar ana shiga ba sallama, yau ga shi sai dai a leƙa ta waya.

Damina ta zo ta wuce, gini yana nan tsaye yana sheƙi. Ni kuwa da rashin ta ido sai da na je na tsokani Baba. Na ce, "Baba, ya numfashin soro? Na ga dai bai suma ba." Ƙannena suka yi dariya. Shi ma ya murmusa, ya ce, "Bana sha ya yi, Uwata. Baɗi za ki gani." Na ɗauka kawai tsoho ne ba ya son a ce aikinsa ya ƙare.

Shekara ta zagayo. Wata Asabar da hantsi ina wanki sai maigidana ya shigo da sauri ya ce Baba ne a waje. Tunda aka kai ni gidan nan mahaifina bai taɓa taka ƙofarsa ba, kun san kunya irin ta iyayenmu. Na zari mayafi na fito, na durƙusa ina gaishe shi, ya katse ni ya ce in biyo shi. Muka zagaya bayan soron, inda wayar ta matso jikin bango. Ya zura sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙasa-ƙasa, ta yi ƙara mai tauri. Ya ɗaga ya ƙwanƙwasa sama kaɗan, sai na ji bum, bum, kamar an bugi ƙwarya.

"Kin ji? Simintin ya rabu da ƙasa. Tsakaninsu ruwan bara ne kwance." Ya nuna sama da sandar. "Dubi can."

Ciyawa ce ta yi tsiri a kan rufin, ta fasa simintin ta fito. Ga wata tsaga siririya ta sauko daga kusurwa. Ya ce bututun robar nan ganyen bedi, wato darbejiya, ya toshe su tun bara, ruwa ba ya sauka, a kan azara yake kwana.

"Hantsi ɗaya nike so, Uwata. In hau in buɗe ma ruwa hanya, in ɓamɓare simintin rufin ya sha iska kafin ruwa ya sauka. Ko sisi ba ni so. Ke kika san bakinsu, ki tafi ki roƙo mani makulli."

Muryarsa ce ta karya mani zuciya. Mutumin da ko rance bai taɓa roƙa a wurin kowa ba, yau yana roƙon 'yarsa ta nemo masa izinin hawa ginin ubansa.

Litinin da sassafe ina ofishin kwamitin, can wajen GRA. Aka ce sakatare yana mitin. Na zauna a benci har azahar, aka ce ai ya fita ta ƙofar baya. Na koma Laraba, aka ce ya tafi taro Abuja. Na ce taron me? Aka ce taron yadda za a adana gine-ginen tarihi. Wallahi sai da na yi dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Na tambayi makulli, aka ce yana wurin ɗan kwangila don bai miƙa aiki ba. Na nemo ɗan kwangila a shagonsa kusa da Babbar Kasuwa, ya rantse ya miƙa tun bara. Na dawo ofis, aka ce in rubuto. Na rubuto. Bayan mako guda aka ce ba a ga takardar ba, in sake rubutowa. Na sake. A tsakanin nan an yi ruwan farko, an yi na biyu, Baba kullum da yamma yana tsaye jikin waya yana kallon rufi.

Sai a mako na uku na samu ganin sakatare. Ofis ya yi sanyi ƙalau, ga hoton soronmu an sa a gilashi an rataye a bayansa. Ya saurare ni yana juya biro. Da na gama sai ya ce, "Malama, mun gode da kishinki. Amma shi mahaifin naki, yana da takardar shaidar ƙwarewa?"

"Takardar me, Yallaɓai?"

"Satifiket. Kin san ba za mu bar kowa da kowa ya hau ginin tarihi ba. In ya lalata wani abu fa?"

Nan fa na manta da tarbiyyar da aka yi mani. Na miƙe tsaye na ce, "Yallaɓai, satifiket ɗinsa ga shi nan rataye a bayanka! Da kuka zo kuka tarar da ginin nan a tsaye, aljanu kuke zaton suna riƙe da shi? Shekara arba'in yana hawa yana sauka, ko ɓaraka bai taɓa yi ba. Ku da satifiket ɗin damina ɗaya kuka riƙe shi ga shi yana ruɓewa. Kowa da kowa? Ubana ne kowa da kowa?"

"Malama, sassauta murya, nan ofis ne."

"Ba zan sassauta ba!"

Ya danna ƙararrawa masinja ya shigo. Ya ce za su tura injiniya ya duba, in je za a neme ni. Na fito a fusace, har na wuce mai adaidaitar da na bari yana jirana ban gan shi ba.

Ban iya faɗa wa Baba maganar satifiket ba, na dai ce masa sun ce za su duba. Ya gyaɗa kai. Ashe shi ya riga ya yanke shawararsa. Bayan kwana biyu, gari na wayewa, ya ɗauki tsaninsa ya jingina ta baya, ya tsallake waya ya hau. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya! Ya sa guduma da kurfi ya fasa simintin kusurwar gabas. Waɗanda suka gani sun ce wani baƙin ruwa mai wari ne ya yi ta bulbulowa kamar an buɗe famfo. Maigadi ya ji bugu, ya ruɗe, ya buga waya.

To ku ji ikon Allah. Mutanen da na yi mako uku ina nema ban samu ba, cikin awa ɗaya sai ga su a unguwa, har da jami'an tsaro biyu.

Ina cikin aji aka zo aka kira ni. Na tarar da su a zauren mai unguwa. Sakatare yana kan kujera, injiniya yana tsaye, mahaifina yana zaune a ƙasa, ba hula, rigarsa jiƙe da baƙin ruwan nan. Mutanen unguwa sun cika ƙofa. Sakatare yana karanto laifi: shiga wuri ba izini, da ɓarnata kayan tarihi. Mai unguwa, wanda tare suka yi wasan ƙasa da Baba, sai haƙuri yake bayarwa yana cewa a dubi girman Allah a dubi furfura. A ƙarshe aka ce an yi masa sassauci, ba za a kai shi gaba ba, amma sai ya sa hannu a takarda cewa ba zai ƙara kusantar ginin ba.

Baba ya ce shi da ajami yake rubutu. Aka ce a'a, ya dangwala. Aka kama babban yatsansa aka danna a tawada aka danna a takarda, bai fito ba. Shekara da shekaru na cuɗa ƙasa sun cinye zanen yatsan, ya yi sumul. Sai da aka danna sau uku, injiniya yana cewa a ƙara tawada.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na ce Allah Ya isa, na ce azzalumai, na ce abubuwan da ba zan maimaita a nan ba. Baba ya ɗago kai ya ce, "Uwata, ya isa. Gaban manya kike." Shi ke nan, sai hawaye. Ya tashi ya karɓi hularsa a hannun wani, ya goge yatsan a jikin riga, ya yi wa kowa sallama har da sakataren. Washegari da safe aka turo lebura da rabin buhun siminti ya toshe ramin da Baba ya buɗe. A duk tarihin kwamitin nan ban san aikin da suka yi da sauri kamar wannan ba.

Da damina ta yi tsakiya aka shiga marka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Rana ta uku, tsakanin azahar da la'asar, aka ji wata ƙara kamar tifa ta juye yashi. Rufin ne ya zauna gaba ɗaya, ya tura bangon arewa da na gabas suka kwanta. Alhamdu lillahi ba kowa a ciki, ai kwaɗo ya hana, maigadi kuma yana cikin 'yar rumfarsa. Ko da na iso, unguwa ta taru cikin yayyafi, tsofaffin mata suna salati, wasu suna kuka kamar an yi mutuwa. Simintin ya ɓare falle-falle da fentinsa mai kyau, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa ya zama kunu.

Wayar ta faɗi ta gefe ɗaya, kowa yana tsallakawa yana shiga. Baba kaɗai ya tsaya a bakin hanya. Na ce, "Baba, ka matso mana." Ya ce, "Na dangwala, Uwata." Ya ce in ɗebo masa ƙasar a hannu. Na shiga na ɗebo. Ya matse ta, ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe yana murza ta.

"Ƙasar ga lafiyarta lau," in ji shi. "Shaƙe ta anka yi."

Can sai ga motar kwamiti. Injiniya ya fito da lema, ya zagaya yana ɗaga ƙafar wando. Da mutane suka kewaye shi sai ya gyara murya ya ce, "To, ginin ƙasa ke nan, yana da iyakar shekarunsa. Mu dai mun yi iya ƙoƙarinmu, da ba mu sa siminti ba ma da tuni ya faɗi." Jama'a, ban san sanda na duƙa na cika hannu biyu da taɓon nan ba. Na je na kife masa shi a kan fayil ɗin da ke hannunsa, na ce ya kai ofis a auna a ga ko tsufa ne ko ruwa. Maigidana ne ya janye ni yana ba da haƙuri. Malamar makaranta guda, da tabarau da komai! Ban ce na kyauta ba, amma in na ce na yi nadama na yi ƙarya.

Abin mamaki, a makon nan sai na ga Baba ya ɗan farfaɗo. Ya ce bango biyu suna nan da ransu, rabin azarar ma ba ta ruɓe ba, ƙasa kuwa ga ta nan a wurin, sai dai a sake kwaɓawa. Mutanen unguwa suka ce a shirye suke, kowa zai fito. "In sun ba mu izini," in ji shi, "rani ɗaya mu tashe shi. In nuna ma samari yadda ake ɗaurin azara tun ina iya hawa." Har ya fara lissafa waɗanda za su yi tubali. Mai unguwa da kansa ya kai roƙon, don ni an ce kada a sake ganina a ofishin.

Amsar ba ta zo a takarda ba. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa sai ga katafila. Aka ce wurin ya zama haɗari ga jama'a. Kafin a kira azahar ta ture bango biyun da suka rage, ta tattara tubalin kakana da simintin ɗan kwangila wuri ɗaya, tifa ta kwashe aka je aka cike wani kududdufi. Baba yana zaune a dakalin ƙofar gida yana jin rurin injin, bai tashi ya leƙa ba.

Daga ranar bai ƙara hawa rufin kowa ba. In an zo neman sa aiki sai ya ce ƙafa ta ƙi. Masallaci ma ya canza hanya, ya gwammace ya zagaya ta lungu da ya bi ta gaban filin. Na daɗe ina juya yadda zan tunkare shi. Wata ranar Juma'a da yamma na same shi shi kaɗai a tsakar gida, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mani. Ni na jawo."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Ke alheri kika nufa, Allah Ya sani. Kuma gini ba komai ba ne, Uwata, gini yana faɗuwa a tashe shi. Abin da ke ci mani rai, na san ciwonshi, na san maganin, ina tsaye ina kallo. Taku goma ne tsakanina da shi." Ya share ido da bakin riga, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. "Tashi, na yafe maki. Su ma na yafe masu."

Bayan shekara biyu Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Yanzu na girma, tabarau ɗin ma ya zama na dole ba na ado ba. Ba na ƙin a adana tsofaffin gine-gine, wallahi ina so, kuma na san akwai wuraren da aka yi abin da hankali aka kira masu sana'ar aka saurare su. Amma duk inda na ji an ce za a ceto wani tsohon gini, tambayata ɗaya ce: kafin ku zo, wa ke kula da shi? Ku nemo shi, ku ba shi kujera, ku yi shiru ya yi magana, ko da ƙafarsa duk taɓo ce. Abin da ya kai shekarun nan a tsaye ba shi ya riƙe kansa ba, akwai wanda yake tashi ya duba shi duk shekara ba tare da an sa shi ba.

Mutane suna ce mani abu ya wuce, ki bar shi, tunda mai abin ma ya yafe. Gaskiya ne, Baba ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Ni dai ban kai shi ba. Na kan yi ƙoƙari, musamman da azumi, in jero su ɗaya bayan ɗaya in ce na yafe: ɗan kwangila, injiniya, sakatare. Wata shekarar har in kai ƙarshensu. Sai in iso kan yarinyar nan mai tabarau da ta ce wa ubanta ya yi shiru masu ilmi suna magana, a nan nake tsayawa kullum.